Ranar Da Ɗan Farina Ya Gaida Babansa A Tsaye

Abin nan ya faru ne a zamanin Nasara, shekarun da ake ɗibar maza ana kai su Jos haƙar kuza. Mijina yana cikin waɗanda aka ɗiba. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Kusada, gida ɗaya, gandu ɗaya, a ƙarƙashin wan mijina. Shi ne maigida, shi yara ke kira Baba. Mutum ne da ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In ransa ya ɓaci, sai dai a gani a aikinsa.

A gidan nan na haifi ɗan farina. Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa magana baki da baki, in ya shigo ɗaki ni sai in fita. Kakarsa ce ta goya shi, ita ce bakina a wurinsa. To ita kuma Allah ya karɓi abarsa kafin wannan lamari.

Da dagaci ya ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai makarantar Kankiya, a kan nawa abin ya faɗa. Maigida ya ba da shi ba da son ransa ba. Ya kuma faɗa a gaban mutane cewa ranar da karatun Nasara ya ɓata yaron, zai tsallaka da shi ƙasar Faransi, wajen danginsu na Maraɗi, inda ɗan doka ba zai kai ba. A lokacin nan, wanda aka kai can sai dai a ji labarinsa a bakin fatake.

Bayan an shigar da gero rumbu aka ba su hutu, ya dawo. Maigida yana zaure da dattawa yana tufka igiyar rama, ni kuwa ina bayan darni ina leƙe ta tsakanin karare. Sai ga yaron ya shigo, ya miƙe ƙyam kamar tabarya, hannuwa a manne da cinya, ya dubi maigida cikin ido, ya ɗaga murya ya ce, "Barka da rana, Baba!"

Wani dattijo ya yi tarin da ba na mura ba. Maigida ya ce, "Lahiya," ya ci gaba da tufkarsa. Shi kuwa yaron ya wuce cikin gida yana murmushi, a ganinsa ya ƙure ladabi.

Da yamma na dama fura na aika wa maigida. Ƙwarya ta dawo yadda ta tafi, ludayi a kife a kan faifai. Na ce a raina, halan ƙoshi ne.

Kashegari sai ga baduku ya zo ya gwada ƙafar yaron da kara, kafin la'asar ya kawo takalmi. Mu da ba a ɗinka wa yaro takalmi sai sallah, kuma sallah da saura. Bayan nan maigida ya aiko a ce a daka dakuwa mai yawa, a kuma wanke babban goran ruwa. Can sai Bafillatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta, ta sassauta murya ta ce, "Wa zai yi arewa a gidan nan? Maigidanku ya zo ruga yana tambayar namu hanyar da shanu ke bi, wadda 'yan doka ba su bi. Namu kuwa gobe da sassafe za su tashi."

Takalmi, guzuri, gora, hanyar shanu. Ba sai an faɗa mini ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Wan miji ba a tunkararsa da magana, balle ni mace mai zama a ƙarƙashinsa. Mijina yana bayan duwatsu. Ɗana kuma, ga shi a tsakar gida yana taka sabon takalmi yana yi wa ƙanwarsa fankama, ni kuwa bakina a ɗaure. In na karya kunya na kira shi, matan gida za su kai wa maigida, ya ce to ga shi, har uwar ta lalace.

Sai na ɗauki goran nan da jakar dakuwa na ajiye a bakin ɗakin yaron, kusa da inda ya tuɓe takalmin, na koma gindin turmi. Na ji yana ce wa ƙanwar, "Ke mai kan tulu, kin ga guzurin 'yan makaranta?"

Ta ce, "Kankiyar da ake sammako a isa kafin azahar? Wanga guzuri ai ko Makka ya kai ka, Malam Nasara."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Nan na dama wata furar, na kira yarinyar, na ɗaga murya fiye da yadda na saba. Na ce, "Ke, ki kai wa Baba. Tun daga bakin zaure gwiwa ƙasa. Idonki a kan ƙafarsa, muryarki a ƙasa da tasa. Ba a tsaya wa babba a ka."

Ta ce, "Inna, yau na fara? Ai na sani."

Na ce, "Ba ke kaɗai ke da kunne a gidan nan ba."

Na ba yaron baya, na ci gaba da daka, amma kunnena yana wurinsa. Na ji ya girgiza goran. Na ji ya fita ya leƙa turken jaki, inda aka riga aka jingine mangala. Da ya dawo, muryarsa ta sauya. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Wa zai yi tahiya?"

Tabarya kawai ke sauka. Sai ya ce wa ƙanwarsa, "Kawo ƙwaryar."

Na saki tabarya na koma bayan darni. Ya bar takalmin a tsakar gida. Tun daga bakin zaure ya durƙusa, ya ja gwiwa har gaban maigida, ya ajiye ƙwarya, ya sunkuyar da kai. Maigida bai dube shi ba. Ya tufka igiya, ya tofa yawu a tafi, ya sake tufkawa. 

Can maigida ya ce, "Ashe gwiwar tana lanƙwasuwa?"

Yaron ya ce, "Baba, ka gafarce ni. A can wanda ya durƙusa wa malam bulala yake sha. Cewa suke tsayuwa ce ladabi, wanda ya sunkuyar da kai kuma ƙarya yake ɓoyewa. Da bulala na koye ta, sai na ɗauka ita ce mai tsada, na kawo maka."

Dattijon nan mai tari ya ce, "Ai su komi a tsaye suke yi, har fitsari."

Wasu suka yi dariya. Maigida bai yi ba. Ya ce, "Wa ya ce ka zo?"

Na ƙara lafewa a bayan darni.

Yaron ya ce, "Ba wanda ya ce. Takalmi na gani, da gora, da mangala. Na tuna furar da ta dawo."

Maigida ya juyo ya dubi darnin da nake baya, ya daɗe yana duba. Sa'an nan ya ɗaga faifai, ya ɗauki ludayi, ya yi bismilla ya sha. Ya sake sha. Ya ce, "Tunda idonka yana gani, ba ka ɓaci ba tukuna. Can nasu ne, nan namu ne. Kahin ka gaida mutum, duba ƙofar da ka shiga. Tashi ka mai da mangala ɗaki."

Da sassafe Fulani suka tashi da shanunsu, ina jin kukan maruƙa har ya ɓace a arewa, ɗana yana kwance a ɗakinsa.

Da hutu ya ƙare ya rataya dakuwar nan ya sa takalminsa zai koma Kankiya. Ya zo bakin ɗakina ya durƙusa. Na juya fuskata bango yadda aka saba, na ce wa ƙanwarsa, "Ce wa mai tafiya Allah ya kiyaye hanya."

Bai jira ta faɗa ba, ya ce, "Amin."