Ranar da Na Shayar da Fako Saboda Tauraro

Ko tsufa ya kwashe mini komi, ranar da na yi wa tauraro shirin baƙo ba za ta fita raina ba.

A garinmu, kusa da Kalfu, bayan rasuwar maigidana, ƙanensa ya ara mini wani fako, ƙasa mai tauri kamar gindin tukunya. Ya ce in ta yi hatsi in riƙe, in ba ta yi ba ya karɓi abinsa. Na haƙa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, har tafina ya yi kanta.

Ana gab da damina wata malamar gona ta zo daga Tahoua ta tara mu. Ta ce akwai tauraron ɗan Adam da ke bi ta bisanmu yana auna laimar ƙasa, wani ma yana gane ruwan da ke kwance can ciki. Na ce, "Ɗiyata, da guga yake zuwa?" Ta yi dariya ta ce, "A'a Inna, daga sama yake dubawa. Ko jibi zai wuce."

Na koma gida kaina a ɗaure. Abin da na fahimta shi ne mai dubawa na tafe, zai iske ramukana a bushe, magana ta kai kunnen ƙanen miji. Ranar da ta faɗa na yi sammako rijiya, tulu bayan tulu ina zubawa cikin tassa. Na ɗaura zanen salla, na zauna bisa dutse ina kallon sama.

Maƙwabciyata ta biyo da itace a kai ta ce, "Ke kuwa, ango kike jira?"

Na ce, "Mai auna ƙasa."

Ta ɗaga ido ta ce, "In wancan ne, shirwa ce."

Kafin azahar rana ta shanye ruwana, ba wanda ya zo.

Bayan ruwan farko malamar ta dawo, na tambaye ta mi ya hana mai auna ƙasa zuwa. Ta ce ai ya wuce. "Ya ga gonata?" Ta ce idonsa faɗi gare shi, garinmu da na maƙwabta yake haɗawa a kallo guda, gonata ba ta kai ƙwayar gero ba a wurinsa. Har yau ban gane yadda mai ganin ruwan ƙarƙashin dutse zai kasa ganin tsohuwa da tulunta ba.

Amma ta ce tauraron ya nuna laima ba ta zauna ba tukuna, mu dakata da shuka. Na ɗaure irina na ajiye, don ba ni da wani. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, sai da ya dawo da ƙarfi na shuka. Da kaka ƙanen miji ya tsaya gaban dammunan hatsi, ya ce, "To, ki riƙe."

Abin da na koya, 'ya'yana, shi ne Allah kan aiko maka taimako ta hannun wanda bai ma san kana duniya ba.