Rigar Surukina a Hanyar Abeokuta

Mun tashi da asuba daga Agege, ana idar da sallah, mu uku kowa da kekensa. Ni kaɗai ne da jallabiya. Abokan tafiyata biyu ba 'yan unguwarmu ba ne, ba ruwansu da wanda ya gan su. Ni kuwa ba zan ratsa layin mahauta da wandon keke ba, matsattsen abin nan da ko matata sai ta kau da kai. Sai da muka fita unguwa na tuɓe jallabiyar, na ba wani mai shayi ajiya.

Ga waɗanda ba su sani ba, wata shida ke nan ina shirin gasar nan ta wasa uku a rana ɗaya: iyo kusan kilomita huɗu, keke ɗari da tamanin, sannan gudu arba'in da biyu. Mai horar da mu ya ce doguwar tafiya ɗaya a mako ta isa. Ni kuwa gani nake ya raina ni, sai na fara ƙara tawa a ɓoye. Alhamis na yi doguwa, Juma'a na yi gudu, Asabar ɗin da ya ce in huta kuma na ce sai na taka Abeokuta na dawo.

Akwai wani abin da ban gaya wa abokaina ba. Surukina, wanda muke kira Baba, dillalin shanu ne a mayankar Agege. Ranar Laraba ya aiko matata ta tambaye ni ko zan kai shi kara, wato kasuwar shanu, a motata ranar Asabar, don ciwon gwiwa ya hana shi hawa babbar mota. Shekara tara ina auren 'yarsa, bai taɓa neman komai a wurina ba sai ranar. Na ce a gaya masa akwai aiki a kamfaninmu na Ilupeju. Ko wace kara ce ma ban tambaya ba. Na ɗauka ta hanyar Ibadan ce, shi ya sa na zaɓi hanyar Abeokuta.

Zuwa dai ya yi daɗi. Daga Abule Egba har Sango kokawa muka yi da motocin haya na danfo da 'yan okada, kowa na ganin titin gadonsa ne. Bayan Ifo hanya ta buɗe, sai rogo da kwakwar manja hagu da dama. A Ewekoro tireloli suka yi mana wanka da ƙurar siminti, muka fito fari fat. Yara na bin mu da ihu, wata mai sayar da ruwa ta kalli wandona ta kira ƙawarta ta zo ta gani. Robar ruwan da nake saya ɗari biyu a Agege, ɗari uku ta sayar min, kuma ban yi musu ba.

A Abeokuta muka ci amala da miyar ewedu mai barkonon da ya sa ni hawaye. Abokaina suka ce su kam mota za su shiga, horonsu na yau ya cika. Na yi musu dariya, na ce ragwaye ne. Wallahi har yanzu ina jin muryata lokacin da na faɗi haka.

Na juyo ni kaɗai kafin azahar. Kafin Itori ƙafafuna suka fara yi min gardama. Kafin Papalanto suka daina magana da ni gaba ɗaya. Jijiyar cinyata ta ɗaure, idona ya yi duhu, na sauka na kwanta a bakin titi kusa da kekena, ina kallon sama.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sai na ji wata mota ta tsaya, warin shanu ya bugi hancina. Direban ya leƙo ya ce, "Oga, lafiya? Mota ce ta buge ka?"

Na buɗe baki ke nan sai na hango farar hula a kujerar gaba. Baba ne. Ashe karar tasa a wannan hanyar take, kuma babbar motar da gwiwarsa ba ta so ita ya hau.

Da ƙasa za ta tsage da na shiga. Ga ni kwance a wandon da ban yarda mai shayi ya daɗe yana kallo ba, a gaban mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi, a ranar da ya san ina Ilupeju. Na yunƙura in durƙusa in gaishe shi, ƙafar ta ƙi.

Baba bai kalle ni ba. Ya sauko a hankali yana dafa ƙofa, ya cire babbar rigarsa, ya miƙa wa direba. Ya ce, "Ka ba shi ya saka. Ka ba shi furar nan ma, sannan ku ɗora keken a baya."

Na ce, "Baba, don Allah..."

Ya ce wa direba, "Ka ce masa ya shiga, rana na yi."

Mu uku muka matsu a gaba. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ga Baba ya kama gwiwarsa ya cije leɓe. Daga Ifo zuwa Agege ramukan suna da yawa, kuma na ƙirga su duka. Hirar shanu suke da direba, babu wanda ya ambaci keke, babu wanda ya ambaci Ilupeju.

Ana kiran la'asar muka shiga unguwa. Mahauta suka gan ni cikin babbar riga a gefen surukina, suna ta ɗaga mana hannu, ɗaya har yana cewa Allah ya ba kowa suruki irina. A ƙofar gidana motar ta tsaya. Matata ta fito, ta kalli rigar, ta kalli keken da ya sha kashin shanu. Baba ya leƙo ta taga ya ce mata, "Ki ba shi abinci, ya sha aiki yau." Suka wuce.

Mai horar da mu ya hana ni hawa keke na mako biyu, ya ce ƙarin da na yi ragi ne, don a hutu jiki ke yin ƙarfi. Na yarda, kuma duk mai shirin irin wannan gasa ya ji ni: ka bi jadawalinka. Amma ba wannan ne babban abin da na koyo ba. Na yi ta tsoron kada a ga cinyata, na manta akwai abin da ya fi ta muni a gani.

Jallabiyata na karɓo washegari. Rigar Baba kuwa an wanke ta, an goge, kwana tara ke nan tana kan kujera. Jiya matata ta ce ta kai masa. Na ce a'a. Ranar Asabar zai koma kara, kuma na riga na cika motata da mai.