Ɓeran da Bahago Ya Ƙi Gogewa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye gaban injin guga a kamfanin wankin da nake aiki, waya ta yi ta motsi a aljihuna. Sai da aka ba mu hutun rana na duba. Liman ne, mai kaɗa mana babbar jita a da, wanda yawan wa'azinsa ya jawo masa sunan. Da na kira shi, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Guduma, Bahago ya riga mu gidan gaskiya, da safen nan." Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na zauna a kan buhun zannuwan gado har aka kaɗa ƙararrawar komawa aiki.

Washegari matarka ta kira ni, Bahago. Ta ce a kwanakinka na ƙarshe a asibiti ka ce a tambaye ni ko na yafe. Ta ce ba za ta matsa mini ba, amma tana jira. Yau kwana tara ban ba ta amsa ba. Ga amsar, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ko ta yabo ko ta zargi.

Mu huɗu muka fara, a garejin kawunka, tsakanin tsofaffin tayoyi da durom ɗin baƙin mai. Katifa muke jinginawa a ƙofa saboda maƙwabta. Ba ka samu jitar bahagwai ba, sai ka kifa ta dama ka koyi kiɗa a haka, sama a ƙasa, har ya zama ba wanda ke iya kwaikwayon hannunka. Ni ke kan ganguna. Fedar babbar gangata tana da wani ɗan kuka duk sanda na taka ta, tsiit, tsiit. Na so in sa mata mai, ka hana. Ka ce ɓeran Guduma ne, shi ne ɗan ƙungiya na biyar, kuma shi kaɗai ne ba ya makara.

Shekarar da aka fara gayyatarmu babban zaure, na faɗi a babur na karye a wuyan hannu. Liman ya samo wani makaɗi, gwani, wanda ya fi ni nesa ba kusa ba. Ka saurare shi, ka yi masa godiya, ka raka shi bakin titi. Da ka dawo ka ce, "Ba ma kiɗa da aron hannu." Ka soke wasan da muka yi shekara huɗu muna mafarkinsa. Kullum da yamma sai ka zo mini da ƙwallon roba, ka zauna kana ƙirga mini matsawa, in na yi ha'inci ka koma daga ɗaya. Kai ne kuma ka yi ta jigilar mahaifiyata asibiti a motarka mai buɗewa ta ƙofa ɗaya. Har ta rasu "ɗana na hagu" take ce maka. Duk wannan ya faru, ban rage komai ba.

Sai kamfanin faifai ya shigo. Wani mai ɗaurin wuya ya ce mana kiɗan jita mai kaushi ya tsufa, rediyo na'ura take so, kiɗan da za a taka rawa da shi ba sai an saurara ba. Gaskiya ya faɗa, ko da ba daɗi. Faifanmu biyu sun kwanta a shago, zaure rabi muke cikawa, ga ka da 'ya'ya. Da ka zaunar da ni ka ce, "Ɗan'uwa, jirgin nan ba kujerarka," da na yi fushin wata guda na huce. Ban taɓa zarginka da neman na kanka ba.

Abin da ka yi daban ne. Wata Alhamis ka kira ni situdiyo ni kaɗai, ka ce an kawo sababbin makirfo za a gwada. Kana bayan gilashi kana cewa, "Bugi ƙaramar ganga sau ɗaya, ka tsaya. Sake. Da ƙarfi. A hankali. Yanzu babba." Awa uku muna haka. Ina ta raha, da hannunka ka miƙo mini ruwan sanyi. Bayan mako shida ina zaune a shagon aski, rabin kaina a aske, sai na ji sabuwar waƙa da sunan ƙungiyarmu. Jita ta koma can baya kamar baƙuwa, na'ura ce ke jan kiɗan, daidai wa daida, ba numfashi. A ƙarƙashi kuma na ji ɓerana. Ashe yanka hannuna kuka yi gunduwa-gunduwa kuka zuba a kwamfuta, kuka sami Guduman da ba ya gajiya, ba ya musu, ba ya karyewa. Ba wanda ya ce an sallame ni. Daina faɗa mini ranar atisaye kawai aka yi.

Na same ka a gida kana wanke mota. Ka ce, "Zamani ne, Guduma." Na ce, "Ina maganar aron hannu?" Ka ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas. Daga ranar ba mu sake magana ba.

Shekara sha ɗaya ke nan da na bar gida. Ina ninke zannuwan da ban san masu kwana a kai ba, in sanyi ya shigo tsohuwar karayar nan ta tuna da ni. Waƙoƙinka kuwa sun biyo ni har nan, rediyon wurin aiki ba ta gajiya da su. Abokiyar aikina takan yi rawa da kai, ta ce mini, "Kai dai ba ka san kiɗa ba, dattijo." Abin da ya fi ci mini rai shi ne waƙoƙin suna da kyau. Na so su lalace, ba su lalace ba. Muryarka ma ƙara zurfi ta yi.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Sau uku ka kira ni a watannin baya, ina kallon sunanka har wayar ta yi shiru. Ban san kana kwance ba. Ban kuma da tabbacin da na sani zan ɗauka.

Liman ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce duk faifan da za a fitar sai injiniyan sauti ya nemi goge kukan fedar, ya ce datti ne, kai kuma ka ce, "Bar ɓeran nan, mai shi yana ji." Na juya maganar nan kwana tara. Ba ta isa ba, Bahago. Wanda ya kore ka daga gida ya rataye rigarka a bango bai mayar da kai gida ba. Buɗe baki ya fi sauƙi, kuma ka san lambata. Amma ina ji. Duk shekarun nan ina ji.

Jiya waƙar ta zo, ban tashi na rage rediyo ba kamar yadda na saba. Na ce wa abokiyar aikina, "Kasa kunne. Kin ji tsiit ɗin nan? Ƙafata ce." Ta yi dariya, ba ta yarda ba.

Uwar yara, ga saƙonki. Ya cuce ni, ba zan canza wa abin suna don ya mutu ba. Amma na yafe masa, duniya da lahira, ba saura. Ni ma ina roƙon ki yafe mini kira ukun nan a madadinsa.

Allah Ya jiƙanka, Bahago, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya auna maka da ƙwallon roba da motar nan mai ƙofa ɗaya, Ya kau da kai daga ranar Alhamis. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka uku, da kawu mai gareji, da Liman. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Fedar tana nan cikin akwatina. Har yau ban sa mata mai ba.