Ɗan Tsibiri Ya Rufe Labarinsa Ba Na Nan

Ina Shanga, zaune a tsakar gidan Goggo Hassi, ƙanwar mahaifina, waya ta shigo. Ƙanena Bashiru ne. Ya ce, "Yaya Hajara, sai haƙuri. Baba ya cika bayan azahar." Na yi salati, sannan na dubi Goggo. Baba ne ya turo ni gare ta daga Yelwa, wai tana kwance ba ta ko iya tashi, na zo na iske ta tsaye a gaban turmi tana surfen gero. A lokacin na gane abin da aka yi mini. Kafin mota ta kawo ni gida, an riga an kai shi makwancinsa.

Malam Umaru mai gyaran taru, haka masunta suka san shi a bakin ruwa. Amma shi ba da wannan sunan yake kiran kansa ba. An haife shi a wani tsibiri da ruwan tafki ya cinye tun yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda aka sa mini sunanta, takan yi masa tatsuniyar Ɗan Tsibiri, yaron da ya shiga ƙwarya yana tuƙi da ludayi, yana neman garinsu da ya ɓace. Ta rasu ba ta kai masa ƙarshenta ba. Tun daga nan Baba ya ce shi ne yaron. Ba da wasa yake faɗa ba, kuma bai taɓa janyewa ba har ya yi furfura.

Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce taɓin hankali. Liman ya taɓa zaunar da shi a kan maganar. Baba ya ce, "Malam, Allah ne ya halicce ni, ban musa ba. Amma a cikin tatsuniya ya ajiye ni. Wanda garinsa ke ƙarƙashin ruwa, ina zai nuna ya ce daga nan na fito?" Liman ya ƙyale shi, don sahun gaba bai taɓa rasa shi ba. Tarun da ya ɗinke kuwa sai dai ya yage ta wani wurin. Idan maƙwabta suka yi faɗa, shi ake kira, ya saurari kowa har ya gaji da magana. Yakan ce, "Kowa labari ne, ni dai na san nawa."

Ni na sha wuyar wannan suna. A makaranta ɗiyar Gizo ake ce mini, har yau akwai tabo a leɓena na damben da na yi saboda shi. Wanda ya fara neman aurena, danginsa suka ce ba su haɗa jini da gidan da uba ke cewa shi almara ne. Na yi kuka na share, ban taɓa ce wa Baba ya bari ba. Abin da ya riƙe ni alkawari ne. Kowa ya san in an gama tatsuniya ana cewa ƙurunƙus. Baba kuwa, duk daren da ya yi wa yara ta Ɗan Tsibiri, bai taɓa faɗa ba, sai dai ya karkaɗe tabarma ya ce musu sai gobe. Da na tambaye shi, ya ce, "Uwata, ranar da na rufe, Ɗan Tsibiri ya isa gida ke nan. Ke za ki zauna gabana rannan, don bakin mai sunanki ne ya buɗe ta."

Inna ce ta ba ni labarin abin da ya faru bayan tafiyata. Ashe ya daɗe da ciwo a ciki, ita da shi suka ɓoye mini. Ranar da zai rasu, da hantsi, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira yaran unguwa. Mutumin da ke tsawata mana cewa mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi, shi ne ya zauna rana tsaka yana ga ta nan ga ta nanku. Ya kai ta har ƙarshe, ya ce ƙurunƙus, ya koma ɗaki.

Na ce, "Inna, kin sani kika bar ni na hau mota?"

Ta ce, "Mi zan yi, ɗiyata? Cewa ya yi in kina zaune gabansa bakinsa ba ya iya rufe ta."

Wallahi wannan magana ba ta sanyaya mini zuciya ba. Ni na ɗauki gori, ni na rasa miji, yaran da ba su san komai ba su suka ji. Baba, ka yaudare ni, kai da ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Duk garin nan ni kaɗai na yarda da kai ba tare da na nemi hujja ba, kuma ni ka zaɓa ka yi wa dabara.

Na daɗe ban tambayi kowa ƙarshen ba, don haushi. Da na kasa daurewa, na tare wata yarinya cikin waɗanda suka zauna. Ta ce yaron ya hango garinsu, ya iske innarsa a bakin ruwa tana wanke ƙwarya. Ta ɗago ta ce masa, ka daɗe. Shi ke nan, babu ƙari.

Masu gaisuwa sun ce a yafe masa. Na faɗa da baki, zuciya kuwa tana biye a hankali, kuma ina roƙon Allah ya iso da ita. Ya Allah ka jiƙan Umaru, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sada shi da mahaifiyarsa a gidan da ruwa ba ya ci. Ka ba Inna da Goggo da Bashiru haƙurin rashinsa. Ni kuma ka cire mini wannan ƙulli, don in iya yi wa ɗiyana tatsuniyar kakansu har ƙarshenta. Amin.