Gaisuwar Alƙasim Mai Kihi a Tsakiyar Tsere

Ke Habsa, aje taɓaryar nan! Inna, bar tankaɗen, ku taho ku ji! Alƙasim dai, Alƙasim ɗinmu mai kihi, wanda kunka ce ko akuya ba ta zama kusa da shi don ƙarni, shi ne za a kai Yamai, kuma da keke! Ke Habsa ba ki daɗe da shigowa gidan nan ba, zauna a ba ki tun daga tushe.

Alƙasim ƙanena ne. Lakwal aji uku ya yi, mushe, malamin ajinsu, ya ce jikin yaron ne kaɗai ke cikin aji, hankalinai na bisa hanya. Da Baba ya rasu sai ya gaji tsohon kekenai, baƙin nan mai nauyin jaki, ya ɗaura mashi kwando da robar taya, ya shiga sarin kihi. Da sassahe shina bakin tabki wajen masunta, can gehen Keita. Shi cika kwando da tarwaɗa, shi ruhe da jiƙaƙƙen buhu, shi kama hanyar Garhanga, ranar kasuwa kuma har Allakaye. To kihi ba ya jiran kowa. In rana ta ɗaga kahin ka kai, sai ƙudaje su riga masu saye. Nan ya koyi gudu, ba wani ya koya mashi ba. Hanyar nan tudu ce da gangare, a hau a sauka, ta ratsa dajin bagaruwar da su Inna sunka dasa da hannunsu zamanin furoje, babban aikin nan na dashen itace, ta bi gehen tabkuna. Shekara goma sha biyu shina takinta, har ya san kowane rami da kowane dutse.

Ya auri Fiddausiya, ɗiyar Malam Zakariya'u na Allakaye. Runhwar Malam kuwa bakin hanya take, ba ta inda za ka kewaye. Kun dai san ka'ida. Suruki ba a wuce shi bisa abin hawa. Tun daga nesa za ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka turo keke, ka durƙusa, kuma ba ka tashi sai ya sallame ka. Wata rana kihi ya soma juyawa, Alƙasim ya ɗaga hannu kawai, ya ce "Baba ina kwana" cikin iska, ya wuce. Kahin la'asar anka aiko wai Fiddausiya ta taho gida, kakarta ba ta jin daɗi. Kakar da ta shekara shida da rasuwa! Kwana arba'in anka yi ana biko, kawunmu har takalminai ya tsinke. Tun ranar Alƙasim ya rantse ko wuta ce ke bin shi, sai ya sauka a runhwar nan.

Bana da kaka wani Mushe Mu'awiya, mai koyar da wasanni a Buza, shina hawan tudu da moto, babur ɗin nan nashi, sai ya ga mutum ya wuce shi da keke da kwandon kihi. Ya bi shi har kasuwa.

"Kai, wa ke koya maka?"

"Koya mani mi, Mushe? Kihi za ka saye?"

Mushe ya ce za a yi tseren keke daga Buza zuwa Keita, ukun da sunka riga kaiwa su ne za su tsaya ma jihar Tawa a Yamai. Alƙasim bai taɓa wuce Madawa ba. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya ce mani, "Yaya, ni dai in ga Yamai sau guda, in taka keke ba ƙuda bayana."

Ranar tsere samari sunka taho daga Madawa da Tawa, kekunansu taya kamar tsinke, hulunansu kamar rabin ƙwarya, ga wani gajeren wando da ko a ɗaka mutum zai ji kunyarshi. Anka miƙa ma Alƙasim irinai, ya ce shi da iyali, a bar shi da nashi. Ya ɗaure ƙahwar wando da roba. Wani ɗan Madawa ya toshe hanci ya ce, "Mai kihi, kasuwa ba yau ba ce."

Anka busa usur. Ashe Alƙasim bai taɓa taka keken nan ba kaya ba. Da ya ji shi sakayau sai ya ɗauka wani abu ya hwaɗi, har ya waiga. Tudun hwarko ya bar rabinsu, na biyu ya bar sauran. Tabkuna cike, balbelu bisa shanu, mutane na yankan gero suna miƙewa suna kallo, shi kuwa gaba gare shi ba kowa sai moton jandarma. Mushe Mu'awiya na biye da shi da agogon awo a wuya, baki har kunne.

Sai ga Allakaye. Gari duk ya hito, mata na guɗa. Can bakin hanya ga Malam Zakariya'u bisa buzunai, ya sa sabuwar riga, ya hito kallon tsere.

Alƙasim ya matse birki.

"Kai! Tahi! Mi ya lalace?" in ji Mushe.

Bai ko dube shi ba. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya turo keke, ya durƙusa da lamba sha bakwai manne a bayanai.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ya tsohuwa da ƙahwarta?"

"Da sauƙi, Baba."

"Fiddausiya hwa? Yaran? Akuyar nan da na ba ta, ta haihu?"

"Ta haihu, Baba. Biyu."

"Madalla. Maza ko mata?"

Shuuu, 'yan Madawa sunka wuce. Shuuu, 'yan Tawa. Mushe ya sauka daga moto shina zagaye kamar wanda kunama ta harba, amma shi ma ɗan ƙasar nan ne, bai iya buɗe baki gaban dattijo ba.

Malam ya leƙa bayan keke. "Yau ba kihi?"

"Babu, Baba. Tsere muke yi."

"Da wa?"

"Da waɗannan da sunka wuce."

"To kai mi kake yi nan?"

Alƙasim ya ce ga sallama ta zo, ya soma ɗagawa. Sai Malam ya ce ba a bar gidanai da ƙishirwa ba, a kawo hura. Ya sha. Sannan Malam ya ɗaga hannu ya ce bari a yi mashi addu'ar sa'a. Ya roƙa mashi, ya roƙa ma iyayenai, ya roƙa ma damina mai zuwa, har masu tahiya bisa ruwa bai bari ba. Da anka shahwa ko ɗan da ke ƙarshe, mai tura kekenai a tudu, ya ɓace.

Alƙasim ya tura keke har ya wuce runhwa yadda ya kamata, ya sa takalmi, ya hau. Abin da ya yi daga nan zuwa Keita, masu yankan gero har yau labarinai suke. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tsince su, mutum goma sha tara, ɗan Madawan nan ma da ya wuce shi sai da ya ce mashi sannu da aiki. Amma hanya ta ƙare kahin shi gama. Ya zo na huɗu, uku ake so.

Dariyar da anka yi mashi ba ta hwaɗuwa. Malam Zakariya'u da kanshi ya riƙa gaya ma mutane a masallaci wai surukinai yaron kirki ne, sai dai ba shi da himma, ana tsere ya tsaya hira. Washegari Alƙasim ya maida kwando, ya koma tabki.

Sai wani direban Buza ya kawo magana, wai Mushe Mu'awiya ya danna agogonai tun da Alƙasim ya sauka har ya hau. Gaisuwa da hura da addu'a, minti goma sha ɗaya. Tsakaninai da na ɗaya kuwa minti biyu. Wai Mushe ya kai agogon har Tawa gaban manya, ana ta gardama. Kwana tara muna jin wai wai, ba wanda ya yarda.

To yanzun nan, Alƙasim shina wanke kwando bakin rijiya, salulatai ta yi ƙara. Hannunai duk ƙarni, ya ce, "Yaya, danna mani, buɗe murya."

"Alƙasim? Mu'awiya ne, daga Tawa. Manya sun ce kahin su sa hannu in tambaye ka abu guda. A Yamai kana da surukai?"

Alƙasim ya sosa kai. Ina ta yi mashi alama da ido, amma kun san shi da gaskiya.

"Akwai ƙanen Baba Zakariya'u, Mushe. Shina saida goro bakin gada."

"Wace gadar?"

"Ban sani ba, Mushe. An dai ce mota na wucewa sosai."

Munka ji Mushe ya ja numhwashi, munka ji wasu na dariya bayanai.

"To ka saurara. Ni da kaina zan kai ka wajenai tun jajibirin tsere, ka gaishe shi, ka sha hurar, a yi addu'ar duka a gama. Litinin ka taho Tawa da kayanka. An ɗauke ka."