Mai Kitso da Dokar Murmushi

Maƙwabciyata mai kitso ce, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. A layinmu ba mai kiran ta da sunan yanka, Rediyo ake ce mata, kuma tana amsawa. Tun tana budurwa take zaune a kan 'yar kujerar nan ta katako, kan mace a tsakanin gwiwoyinta, kibiyar tsaga a bayan kunne, kwalbar mai a gefe. Mace kuwa da zarar an kama mata kai sai bakinta ya kwance. Don haka ba abin da zai faru a unguwa bai biyo ta hannunta ba. Ba 'yar gulma ba ce, kada a yi mata sharri. Ita ce za ta ji ɗan wance na neman aiki, ta ji mijin wance na neman yaron shago, ta haɗa su kafin ta gama kalaba. Amma labari shi ne abincinta. In ta wuni ba ta ji komai ba, har rama take yi.

Haihuwa ce ba ta zo mata da sauƙi ba. Ta yi ɓari sau biyu, na uku ya zo ba rai. Sai da ta doshi arba'in wani cikin ya shiga, ya zo da hawan jini, ƙafafunta suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Ni na raka ta awo, da kunnena na ji abin da likita ta ce: ta sha maganinta a kan lokaci, ta rage gishiri, ta kwanta ta huta, kuma kada a tayar mata da hankali. In jinin ya ci gaba da hawa, jijjiga na iya kama ta, a rasa uwa, a rasa ɗa.

Mijinta mai walda ne, mutumin kirki, sai dai fuskarsa kamar ƙofar ƙarfen da yake ƙerawa. Ya kai wa uwarsa maganar likita, washegari tsohuwa ta tare a gidan da jakarta. A cikin abin da likita ta lissafa, na ƙarshen kawai ta riƙe. Gishiri kam ta ci gaba da zuba shi a miya kamar ta samu a ɓagas, wai mai ciki ba ta cin lami.

Ta fara da ƙwace waya. Ta cire wa rediyo batir, ta lulluɓe talabijin da zanin gado, ta saki labulen taga ta danne shi da dutse. Sannan ta ajiye kujera a bakin ƙofa ta zauna kamar jami'ar kwastan. Duk mai shiga sai ta tare ta.

"Me za ki faɗa mata?"

"Sannu kawai, Mama."

"To yi murmushi in gani."

Wallahi da idona na ga an mayar da wata mata gida saboda murmushinta bai cika ba. Ba a faɗin labarin mutuwa, ba a faɗin na saki, har na haihuwa da na aure an hana, wai murna ma tana hawar da jini. Ran da gobara ta cinye shagon mai faci a tsallaken titi, motar kashe gobara na ta jiniya, hayaƙi ya cika ɗaki, aka ce mata shara ake ƙonawa. Mijin da tun aurensu ba ta ga haƙoransa na ciki ba, yanzu shigowa yake da baki a washe. Walda ta ƙone masa hannu, ya naɗe da bandeji, ya riƙa ɓoye shi a baya, in zai fita ya fita da baya-baya yana murmushi.

Ni sau ɗaya aka bar ni na shiga. Na same ta a kwance tana ƙirga layukan silin. Na ce, "Ƙanwata, kin ji mai shagon kwana ya yi faɗa da mai kawo masa burodi, har sun fasa sikeli?" Idonta ya kawo haske, ta yunƙura za ta zauna. Sai ji na yi an ja mayafina ta baya. Tsohuwa ta fitar da ni har bakin titi, ta ce bakina ba shi da linzami, kada ta sake ganin ƙafata. Ni da na riƙe matar nan a hannuna ran da ta rasa na ukun!

Daga nan sai ta bango nake jin ta. Mace mai wuni tana dariya ta koma shiru. Wani hantsi ina wanki a bayan gida, na ji ana ƙwanƙwasa 'yar tagar banɗakinsu.

"Yaya. Yaya, ke ce?"

"Ni ce."

"Don Allah ki gaya min gaskiya. Inna ta rasu ne?"

Uwarta take nufi, wadda kullum sai ta leƙo ta tun farkon cikin. Ta ce an daɗe ba ta gan ta ba. Ta tambaya, aka ce ta yi tafiya. Inna kuwa ko kasuwa sai an ja ta. Ta ce a kira mata ita, aka ce can babu sabis.

"Yaya, na yi wa matan da aka yi wa rasuwa kitso ba adadi, na san yadda ake yi musu. A shigo a hankali, a yi ƙasa da murya, a yi ta kallon ka ana murmushi. Ba a yi wa mutum irin wannan kirkin sai in an yi masa mutuwa."

Na ce mata ban sani ba, don ban sani ba ɗin. Ni ma sun ɓoye min, saboda bakina. Na ji ta saki tagar a hankali. Na zagaya na buga musu ƙofa har hannuna ya yi zafi, tsohuwa ta leƙo ta ce mai ciki na barci.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, na ji ihu. Kanta kamar zai tsage, ta ce ba ta gani sosai, fuskarta ta kumbura. Aka tsayar da tasi. Ban nemi izinin kowa ba na faɗa ciki na ɗora kanta a cinyata. Tsohuwa na gaba tana waiwayowa tana cewa, "Ku saki fuska, ku saki fuska, yawo za mu."

Nas ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta sake dubawa, ta fita da gudu. Likita ta zo, aka yi mata allura, aka sa mata ruwa. Ta ce cikin bai cika ba amma ba za a jira ba, yanzu za a yi aiki a ciro abin da ke ciki. Aka ɗora ta a gadon turawa. Ana isa ƙofar ɗakin tiyata ta miƙa hannu biyu ta cafke ƙarfen ƙofar. Hannun mai kitso ne fa. Maza biyu suka ja gado, gado ya ƙi tafiya.

"Ba inda za ni sai an gaya min ranar da aka binne uwata."

Likita ta juyo ta dube mu. "Mahaifiyarta ta rasu?"

Mai walda na tsaye, hannu a baya, hawaye na zuba, baki a washe. Likita ta daka masa tsawa, sai ga magana ta fito: Inna santsi ya ɗauke ta a banɗaki, ta karye a ƙafa, tana kwance a asibitin nan, a ɗakin masu karaya.

"Ƙarya ne," in ji Rediyo. "Kai da ka ce min shara ake ƙonawa."

Likita ta ce ba ta da lokacin shari'a, kowane minti haɗari ne. Na cire takalmina na riƙe a hannu. Rabona da gudu tun ina makarantar sakandare. Na samu Inna a zaune, ƙafa a miƙe cikin farin filasta, tana ɓare lemo. Na ciccibe ta na zuba a keken marasa lafiya, ina turawa ina ba ta labari. Ashe ita ma ce mata aka yi 'yarta lafiya lau, aiki ne ya yi mata yawa. Tun daga nesa ta fara.

"Ke 'yar banza! Ina kwance ƙafa a karye, ko ki ɗaga waya ki ce Inna kin mutu ko kina da rai? Kitso ya fi uwarki, ko? Dubi fuskarki kamar an hura balan-balan! Saki ƙofar mutane, mara kunya!"

Rediyo ta dube ta, ta dubi filastar, ta fashe da wani abu da ban san ko kuka ne ko dariya ba. Ta ce, "Ƙara, Inna." Inna ta ƙara. Yatsun suka saki ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, aka tura ta ciki. Kafin likita ta bi su ta tsaya ta ce da tsohuwa, "Mama, cewa na yi kada a tayar mata da hankali. Ban ce a binne ta da rai ba."

Abin da ya faru a ciki daga bakin Rediyo na ji. Allurar baya aka yi mata, tana farke, an sa mata ƙyalle a gaba ba ta ganin cikinta. Ta ji ana ja, ana dannawa, sai ta ji an sauke mata wani nauyi. Daga nan ɗakin ya yi tsit. Ba kuka. Ta san wannan shirun, ta taɓa jin sa. Ta ce, "Likita, kada ki yi min murmushi. Me ake ciki?"

Likita ta ce, "Mace ce. Ba ta fara numfashi ba tukuna. Muna ƙoƙari."

Rediyo ta ce da ni, "Yaya, maganar nan ba daɗi, amma ita na riƙe. Na san inda nake, na san abin da zan roƙa." Tana cikin roƙon ta ji wani ɗan ƙara kamar na kyanwa, ya tsaya, ya sake fitowa da ƙarfi.

Yarinya ta yi kwanaki a kwalbar bakwaini, 'yar mitsitsiya, tafin hannuna ya fi bayanta faɗi. Uwar ma ba a sallame ta da wuri ba, jinin sai a hankali ya sauka, har yau tana shan magani. Likita ta ce wani cikin zai iya tafiya da ita, kuma a gabanta ta faɗa, ba a bayan ƙofa ba. Rediyo da kanta ta zaunar da mai walda ta ce masa daga wannan an rufe. Ya ce to. Yarinya yanzu tana rarrafe, tana cin duk abin da ta tsinta a ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsohuwa. Tana bin gida-gida tana cewa da ba don tsaron da ta yi ba, da an rasa uwa da 'ya. Kuma mutane sun yarda! Har ana cewa hannunta na da albarka. Shekaranjiya na ga direban motar ruwa, wanda matarsa ke da ciki ita ma da hawan jini, ya zo da kansa ya ɗauki tsohuwar, yana riƙe mata jaka yana "a hankali, Mama." Gidansu da katanga mai tsawo, na je na duba. Amma maƙwabcinsu na baya yana da tsani, kuma matarsa ƙawata ce.