Gwaggo Lauratu, Mai Dafa Madarar Sheme

Da an sallame sallar asuba, hayaƙin farko da ke tashi a unguwarmu ta Sheme na gidan Gwaggo Lauratu ne. Kafin matan ruga su iso da madara ta riga ta wanke tukunya. Sai ta tace madarar da farin ƙyalle, ta ɗora a wuta, ta tsaya a kai da ludayi har ta tafasa ta taso. In ta huce ta zuba ɗan nonon jiya, ta rufe ƙwarya. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a haka, ba fashi.

A kasuwa an sha yi mata dariya. Abokan sana'arta kan ce, "Ga mai ƙona itace don nono ta iso!" Wasu masu saye su ce nata na ƙaurin hayaƙi. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Ƙauri bai taɓa kwantar da yaro asibiti ba."

Ta san abin da take faɗi. Ɗanta na fari, Yahuza, ya yi wata huɗu yana zazzaɓi mai tafiya ya dawo, gaɓoɓi na ciwo. Wani malamin asibiti ne ya gaya mata cewa saniya kan yi kyau a ido alhali akwai cuta a madararta, kuma tsamin nono ba ya kashe ta duka, wuta ke kashewa. Yahuza ya tashi. Tun ranar ba ta ƙara sayar da ɗanye ba.

Ni mutum ne mai fargaba, ban ɓoye ba. Yaro ya yi tari sau biyu, na kasa cin tuwo. Da aka zo yaye 'yata Hussaina, aka kai ta ɗakin mahaifiyata kamar yadda aka saba. Inna ta ce a nemo madara da ɗuminta, daga saniya sai baki, don da ita aka yaye mu duka, ita ke sa ƙashi. Na ji a rediyo abin da ɗanyar madara ke jawowa, gudawa da tarin fuka. Amma ta yaya zan dubi uwata in ce mata a'a? Na yini ina fita ina shiga. Washegari da sassafe na ɗauki kwano na nufi gidan Gwaggo, na ce ta ɗibar mini kafin ta ɗora.

Ta dube ni, ta dubi kwanon. "Ta wa ce?"

"Ta Hussaina ce, Gwaggo. Inna ta ce..."

"Kai da gemu har ƙirji, tsoron Hajiya kake, ba ka tsoron kabarin ɗiyarka? Aje kwanon nan. Mu je."

Ta bar wa surukarta Bilki tukunya, ta yafa mayafi, ta biyo ni da ƙwaryar madara a ka. Muka isa wurin Inna, ina jiran rigima. Suka gaisa, suka taɓa zancen ciwon gwiwa. Can Inna ta ce, "Lauratu, dafaffiyar madara ai ta mutu. Mu da muka sha da ɗuminta, mi ya same mu?"

"Ku nawa uwarku ta haifa, Hajiya?"

"Tara."

"Nawa suka yi furfura?"

Su uku ne, Inna kuwa ta sani.

Gwaggo ta miƙe. Ta hura wuta a murhun Inna, ta tafasa madarar, ta yi ta fifita ta da faifai tana ɗiga wa bayan hannunta. Sannan ta miƙa. "Taɓa ki ji. In ɗumin saniya kike so, ga shi nan. Ƙazantar kawai na rage miki."

Inna ta taɓa, ta yi tsaki, ta ce, "Ke dai ba ki da dama." Da hannunta ta ba jikarta. Hussaina yanzu tana aji uku.

Gwaggo, ke ce kika faɗa wa uwata abin da na kasa faɗa mata, kuma ba ki kunyata ta ba. Ke ce likitar da ba ta da farar riga. Yara nawa ke tsalle a Sheme, har Daudawa, iyayensu ba su ma san ke kika tsare su ba?

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, bana hayaƙi ya ci idonta, ta ce ta aje sana'a. Ni kuma ina da ƙarami, Adnan, da za a yaye bayan babbar Sallah. Wa zan amince wa? Shekaranjiya na kasa daurewa na leƙa gidan. Na tarar da Bilki a bakin murhu tana shirin sauke tukunya, Gwaggo na zaune a tabarma, ba ta ganin komai sai inuwa.

"Mayar da ita," in ji ta. "Ban ji ta taso ba."

Bilki ta mayar, ta ƙara itace.

Na gode, Gwaggo Lauratu. Allah Ya ba ki lafiyar ido, Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, da masu tallar nono daga Ƙanƙara har Sabuwa, don girman Allah ku yi yadda ta yi. Kafin madara ta shiga bakin yaro, ku bari ta ga wuta.